Mukulli kafin wa'azi

Cikin kwanaki goma na ƙarshen watan Janairu, lokacin da hunturu ya kai matuƙa a Amurka, garuruwa kan zaɓi dare guda su fitar da 'yan sa-kai da tocila da takardun tambayoyi. Su bi ƙarƙashin gadoji da tashoshin jirgin ƙasa da wuraren ajiye motoci, su leƙa gidajen kwana na agaji, suna ƙirga mutanen da ba su da muhalli. Cikin abin da ake tambayar duk wanda aka tarar har da ko ya taɓa yin aikin soja. A ƙidayar 2010 an samu tsofaffin sojoji 74,087 a wannan hali. A ta 2024 an samu 32,882, wato an rage fiye da rabi. Abin da ya sa wannan adadi ya cancanci a tsaya a kansa shi ne, a wannan shekarar ta 2024 jimillar marasa muhalli a ƙasar baki ɗaya ta haura zuwa 771,480, ƙarin kashi 18 cikin ɗari a shekara guda. Gari ɗaya, tsadar haya ɗaya, ƙwaya iri ɗaya ake sayarwa a lungu, amma jama'ar gari na ƙaruwa a titi, tsofaffin sojoji na raguwa. Ruwa ba ya tsami banza.

Na san akwai mai karatun da zai ce ina ruwansa da sojan Amurka, bayan abin da aka yi a Iraƙi da Afganistan. Ban ga laifinsa ba. Sai dai waɗanda suka yanke shawarar yaƙin ba su ne ke kwana a kwali ba. Su suna can suna rubuta tarihin rayuwarsu, ana biyansu kuɗin lacca. Wanda ke ƙarƙashin gada kurtu ne, ɗan talaka, wanda galibi ya shiga soja yana ɗan shekara 18 ko 19 saboda a garinsu babu wata hanyar samun kuɗin makaranta ko na asibiti. Tun 1973 Amurka ta daina ɗaukar soja dole, don haka wanda ya shiga shi ya kai kansa, kuma ba 'ya'yan masu hannu da shuni ne ke cika layin ba. Yadda ƙasa ke sallamar irin wannan mutum bayan ta gama morarsa magana ce da ta shafi duk ƙasar da ke da bariki.

Kimanin mutum 200,000 ne ke tuɓe kaki a Amurka kowace shekara, kuma mafi yawansu suna komawa gida lafiya lau su ci gaba da harkokinsu. 'Yan kaɗan ne ke zamewa, kuma zamewar ba a rana ɗaya take faruwa ba. A bariki an ba mutum ɗaki, an ba shi abinci, an gaya masa lokacin tashi da na kwanciya, yana da abokan da suka san inda yake a kowace sa'a. Ranar da aka sallame shi duk wannan ya yanke. Ana yi masa bita ta 'yan kwanaki kan yadda ake neman aiki, shi ke nan. Wanda ya ƙware a harba igwa babu kamfanin da ke neman wannan ƙwarewar. Sai ciwon baya ko na gwiwa, sai maganin kashe zafi da likita ya rubuta ya zama jaraba, sai rashin barci, sai giya, sai aure ya mutu, sai ya koma falon ƙanwarsa, sai mijinta ya gaji, sai mota ta zama ɗaki. Wannan kan ɗauki shekaru. Shi ya sa da yawa daga cikin waɗanda ake tararwa a titi sun haura shekara 50, wasunsu ma ba su taɓa ganin filin daga ba. Masu bincike sun daɗe da lura cewa shaye-shaye da taɓin hankali da talauci da rashin dangi na kusa sun fi ƙarar bindiga jefa tsohon soja a titi.

Ba yau Amurka ta fara jin kunya a kan wannan ba. A 1932, ana tsakiyar karyewar tattalin arziki, dubban waɗanda suka yi Yaƙin Duniya na Ɗaya suka kafa bukkoki a Washington suna neman a biya su kuɗin da aka yi musu alkawari. Ranar 28 ga Yuli gwamnatin Herbert Hoover ta tura sojoji ƙarƙashin Janar Douglas MacArthur da dawakai da tankoki da hayaƙi mai sa hawaye, aka kore su, bukkokin suka ƙone. Tsoron maimaita wannan abin kunya na cikin dalilan da suka sa aka yi dokar 1944 wadda ta biya wa sojojin Yaƙin Duniya na Biyu kuɗin karatu, ta kuma tsaya musu wajen cin bashin sayen gida. Dokar ta ɗaga miliyoyin iyalai, amma a jihohin kudu fararen fata ne ke riƙe da ofisoshi da bankuna, kuma baƙaƙen da suka yi yaƙin sun sha komawa gida hannu rabbana. Tabon bai goge ba: baƙar fata kusan kashi 12 ne cikin ɗari na tsofaffin sojojin ƙasar, amma su ne kusan kashi ɗaya cikin uku na waɗanda ba su da muhalli.

Ƙungiyoyin agaji da ke taimakon tsofaffin sojoji a yau yawancinsu 'ya'yan yaƙin Biyetnam ne. Waɗanda suka dawo daga can sun tarar da jama'a sun tsani yaƙin, Ma'aikatar Kula da Tsofaffin Sojoji, wadda kowa ke kira VA, ba ta san yadda za ta yi da su ba, kuma firgicin da ke hana su barci ko suna ba shi da shi a littafin likitocin ƙwaƙwalwa sai a 1980. Sai suka koma ga junansu. A 1974 wasu shida daga cikinsu suka kafa Swords to Plowshares a San Francisco. A 1988, a San Diego, Robert Van Keuren da Dokta Jon Nachison suka shirya taron kwana uku da suka kira Stand Down: aka kafa tantuna irin na soja a fili, aka kawo likitoci da wanzamai da lauyoyi da masu ba da aiki wuri guda, aka ce duk tsohon sojan da ke titi ya zo ya yi wanka, ya ci abinci, ya yi barci ba tare da tsoron a sace masa takalmi ba. Sama da 600 suka zo. Da aka tambaye su abin da ya fi damunsu, da yawa suka ce sammacin kotu ne: tarar kwana a bakin hanya, tarar shan giya a fili, ƙananan laifuffukan da suka taru suka hana su lasin tuƙi da aiki da haya. A shekarar da ta biyo baya wani lauyan gwamnati mai kare marasa galihu, Steve Binder, ya shawo kan kotu ta zo ta zauna a cikin sansanin, alƙali ya riƙa soke tara a madadin shaidar cewa mutum ya shiga shirin gyara rayuwarsa. Yanzu ana yin irin wannan taro a jihohi da dama. A Los Angeles kuma wani alƙalin kotun ɗaukaka ƙara, Harry Pregerson, wanda shi kansa an ji masa rauni a Okinawa, ya jagoranci kafa U.S.VETS a 1993, aka fara da mutum biyar.

Duk wannan aikin kirki ne, kuma ba na raina shi. Amma gaskiyar da masu yabon ƙungiyoyin agaji ba su cika son faɗa ba ita ce, an shafe shekara ashirin ana rabon bargo da miya da safa, titi bai rage ba. Taron kwana uku yana ƙarewa ranar Lahadi, Litinin mutum ya koma inda ya fito da sabon aski. Abin da ya sauya lissafi kuɗin gwamnati ne da kuma sauya tunani. A 2008 majalisar dokoki ta farfaɗo da wani shiri na haɗin gwiwa tsakanin Ma'aikatar Gidaje da VA, mai suna HUD-VASH, ta ba da takardun biyan haya 10,000 a karon farko, aka ci gaba da ƙarawa har suka haura 100,000. Mai riƙe da takardar yana biyan kusan kashi 30 cikin ɗari na abin da yake samu, gwamnati ta cika wa mai gida sauran, VA kuma ta haɗa shi da jami'in da zai riƙa bibiyarsa. A Nuwamban 2009 ministan VA na lokacin Obama, Eric Shinseki, tsohon janar da ya rasa wani ɓangare na ƙafarsa a Biyetnam, ya fito ya ce za a kawo ƙarshen matsalar cikin shekara biyar. Ba a kawo ba. Amma sa wa'adi ya tilasta wa kowane ofis ya fara nuna adadi maimakon jawabi.

Sauyin tunanin ya fi kuɗin wahalar karɓuwa. Tsohon tsari shi ne matakala: ka daina sha tukuna, ka riƙa shan maganinka, ka zauna a gidan kwana na jama'a ka bi doka wata da watanni, idan ka nuna ka shiryu sai a ba ka ɗaki naka. Ka zame sau ɗaya, ka koma matakin farko. Kamar dai a ce wa mai zazzaɓi sai ya warke za a ba shi gado a asibiti. Wani masanin halayyar ɗan Adam a New York, Sam Tsemberis, ya juya abin tun 1992: a ba mutum mukulli yau, ba sharaɗin ya daina komai, sa'an nan a riƙa zuwa ana ƙwanƙwasa ƙofa da tayin magani da shawara. Hujjarsa mai sauƙi ce. Wanda ba ya barci saboda tsoro, wanda ruwan sama ya jiƙa takardunsa, wanda ba shi da inda zai ajiye maganin ciwon suga ko cajin waya, ba zai iya cika alƙawarin ganin likita ranar Talata da ƙarfe tara ba. VA ta rungumi wannan tsari, kuma ni ina ganin a nan aka yi nasarar. Wa'azi na da amfani, amma sai ga wanda ya kwana lafiya.

To ina ƙungiyoyi suka shigo? A 2011 aka ƙaddamar da wani shiri mai suna SSVF, inda gwamnati ke miƙa kuɗi kai tsaye ga ƙungiyoyi masu zaman kansu domin su tallafa wa tsofaffin sojoji masu ƙaramin ƙarfi da iyalansu. An fara da kusan dala miliyan 60 ga ƙungiyoyi 85, daga baya ya kai ɗaruruwan miliyoyi a shekara. Abin da ake yi da kuɗin ba ya ɗaukar hoto mai kyau. A biya wa mutum bashin hayar wata biyu kafin mai gida ya kai shi kotu. A biya kuɗin ajiya da ake nema kafin a shiga sabon ɗaki. A biya bashin wuta da ruwa. A gyara motar da yake zuwa aiki da ita. A biya mai renon yara domin uwa, wadda ita ce tsohuwar sojan, ta iya zuwa aikin dare. Dala dubu ɗaya ko biyu a kan lokaci kan hana abin da zai ci dubu hamsin nan gaba a ɗakin gaggawa na asibiti da gidan yari. Ma'aikatar gwamnati mai ma'aikata sama da 400,000 ba za ta iya rubuta cak ɗin gyaran mota cikin kwana biyu ba. Ƙaramar ƙungiya mai ofis a bayan kanti za ta iya.

Kuma akwai aikin ƙafa. Takardar biyan haya ba gida ba ce. Sai an samu mai gidan da zai yarda ya ba wanda ba shi da aiki, wanda aka taɓa kora daga haya, wataƙila ya taɓa zaman kurkuku. Ma'aikatan ƙungiyoyi ne ke bin masu gidaje ɗaya bayan ɗaya suna lallashi, suna ba da lambar wayarsu, suna cewa in ya yi rigima da dare ni za ka kira, ba 'yan sanda ba. Su ne ke nemo wa mutum takardar sallamarsa daga soja, wadda ake kira DD-214, wadda in babu ita ba a buɗe masa ko wace ƙofa, alhali ta ɓace tun shekara goma da suka wuce lokacin da aka kwashe tantinsa. Su ne ke komawa ƙarƙashin gada karo na goma wurin wanda ya zage su karo tara, domin ofis ya taɓa wulaƙanta shi ya rantse ba zai sake shiga ba. Da yawa daga cikin masu wannan aiki su ma tsofaffin sojoji ne, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne: mutum kan buɗe baki ga wanda ya tambaye shi bataliyarsa kafin ya tambaye shi matsalarsa. Da aka haɗa waɗannan hannaye biyu, kuɗin gwamnati da aikin ƙungiyoyi, aka ga abin da zai yiwu. A 2014 magajin garin New Orleans, Mitch Landrieu, ya tara VA da hukumar gidaje da gamayyar ƙungiyoyi ta UNITY a teburi guda da jerin suna guda, kowane mutum da sunansa da inda yake kwana da wanda aka ɗora wa alhakinsa. Zuwa Janairun 2015 sun sama wa mutum 227 gida. Houston ta biyo baya a shekarar, haka ma jihar Virginia. Ba wai babu wanda zai sake faɗawa titi a waɗannan wurare ba ne. Ma'anar ita ce an gina hanyar da za a tsamo shi cikin makonni.

Saboda haka idan aka ce ƙungiyoyin agaji sun ceto tsofaffin sojojin Amurka, rabin magana aka faɗa. Kuɗin na gwamnati ne, kuma haka ya kamata, domin wannan bashi ne ba sadaka ba. Wanda ya ɗauki mutum ya horar da shi kisa, ya tura shi inda ya dawo da rauni a jiki ko a kai, shi ke da alhakin gyara. Ranar da ƙungiya ta fara ɗaukar kanta a matsayin madadin gwamnati, ta sauke wa mai bashi nauyinsa ne, ta mayar da mai haƙƙi mabaraci.

Inda na fi ganin darajar ƙungiyoyin ma shi ne inda gwamnati ta ce ba ruwanta. A tsarin sojan Amurka sallama iri-iri ce. Akwai ta girmamawa, akwai wadda ba ta kai haka ba, akwai ta kora saboda laifi. Wanda takardarsa ta ɓaci kan rasa asibitin VA da kuɗin nakasa da na karatu, ko kuma sai ya yi shekaru yana jiran a duba lamarinsa. To wa ake ba wa irin wannan takarda? Ofishin binciken gwamnati na majalisar dokoki ya fitar da rahoto a 2017 cewa daga cikin sojoji 91,764 da aka sallama saboda rashin ɗa'a tsakanin 2011 da 2015, kashi 62 cikin ɗari likita ya riga ya gano suna da firgicin bayan yaƙi ko rauni a ƙwaƙwalwa ko wata larura makamanciyar haka cikin shekara biyu kafin korar. Wato yaƙi ya taɓa mutum, taɓin ya sa ya makara a fareti ko ya sha abin da aka hana, sai a kore shi da takardar da za ta hana shi maganin taɓin. Lauyoyin Swords to Plowshares sun shafe shekaru suna bin irin waɗannan fayiloli ɗaya-ɗaya, kyauta, suna neman a gyara takarda. A Kansas City wasu da suka yi Iraƙi da Afganistan suka kafa Veterans Community Project, suka gina 'yan ƙananan gidaje 49 a unguwa guda, suka ce sharaɗinsu ɗaya ne: ka taɓa yin rantsuwar soja, ko da me aka rubuta a takardarka. Sun iya faɗin haka ne saboda ba su jingina da kuɗin VA ba.

Amma sunan tsohon soja yana buɗe aljihu a Amurka fiye da kusan komai, kuma ɓarayi sun san haka. Wani mutum da ya riƙa kiran kansa Bobby Thompson ya kafa ƙungiyar bogi ta tsofaffin sojojin ruwa, da shugabannin rassa na ƙarya a jihohi da dama, ya tara kusan dala miliyan 100, har yana ɗaukar hoto da manyan 'yan siyasa. Daga baya aka gano sunansa John Donald Cody, lauya ne da aka daɗe ana nema, kuma a 2013 kotu a Ohio ta ɗaure shi shekara 28. A 2018 hukumar kula da cinikayya ta tarayya da jihohi suka sanar da ɗaukar matakai sama da 100 a kan irin waɗannan masu damfara. Hatta ƙungiyar gaske mai girma irin Wounded Warrior Project ta sallami manyan shugabanninta biyu a 2016 bayan rahotannin 'yan jarida kan kuɗin da ake kashewa a taruka da tafiye-tafiye, ko da yake ƙungiyar ta musanta wasu daga cikin zarge-zargen. A nawa ganin, ƙungiyar da ta fi yawan tuta da hawaye a tallarta ita ce ta fi cancantar a nemi ganin littafin kuɗinta.

Akwai kuma wani haɗari da ya fi sata ɓoyuwa. Ƙungiyar da albashin ma'aikatanta ke fitowa daga VA da wuya ta ɗaga murya a kan VA. Labarin filin yammacin Los Angeles ya nuna dalilin da ya sa dole a samu waɗanda ba su ci ba. A 1888 wata attajira, Arcadia Bandini de Baker, da Sanata John P. Jones suka ba gwamnati fili kyauta domin a gina wa nakasassun sojoji gida. Dubbai sun zauna a wurin a da. Daga baya aka daina karɓar mazauna, unguwannin da ke kewaye suka zama na masu kuɗi, aka riƙa ba da hayar sassan filin mai eka 388: filin wasa na jami'ar UCLA, wuraren motsa jiki na wata makarantar kuɗi, wurin ajiye motoci, har da haƙar mai. A bakin katangar kuwa tsofaffin sojoji sun jera tantuna, kowanne da tutar Amurka, a garin da ya fi kowanne yawan tsofaffin sojoji marasa muhalli. Lauyoyin sa-kai suka kai ƙara a 2011, aka yi sulhu a 2015 da alkawarin gina gidaje 1,200, aikin ya yi ta jan ƙafa, aka sake komawa kotu. A Satumban 2024 Mai Shari'a David Carter, wanda shi ma an ji masa rauni a Biyetnam, ya ce wasu daga cikin yarjejeniyoyin hayar haramtattu ne, ya ba da umarnin a ƙara gina gidaje 1,800 na dindindin da 750 na wucin gadi. Gwamnati ta ɗaukaka ƙara. Babu adadin bargon da zai yi abin da wannan shari'a ta yi.

Tsarin fara ba da mukulli yana da masu suka, kuma ba duka sukar ce ta banza ba. An sha samun wanda aka ba ɗaki aka manta da shi, ya rufe ƙofa shi kaɗai da kwalba, ya rasa ko abokan hirar da yake da su a titi. Inda jami'an bibiya suka yi ƙaranci, takardun haya kan kwanta a ofis ba a raba ba. Kuma gida bai hana abin da ya fi muni ba: a 2022 tsofaffin sojoji 6,407 ne suka kashe kansu a ƙasar. A Yulin 2025 Shugaba Trump ya sa hannu a umarnin da ke neman a janye tallafin tarayya daga wannan tsari a koma ga sharaɗin magani, shekara guda bayan Kotun Ƙoli ta ba garuruwa damar hukunta masu kwana a fili. Ni dai ban gamsu ba. Aibin da ake nunawa na rashin bibiya ne, maganinsa a ƙara masu ƙwanƙwasa ƙofa. Komawa ga matakala komawa ne ga abin da aka gwada shekara da shekaru titi bai rage ba. Kuma, a gefe guda, nasarar da kanta tana tona wani asiri: idan an iya rage rabi ga masu kaki, to ana iya yi wa sauran 'yan ƙasa. An zaɓi wanda za a tausaya wa ne kawai.

A nan gida Najeriya muna da namu lissafin. Kowace 15 ga Janairu ana ranar tunawa da 'yan mazan jiya, a ajiye furanni, a saki tantabaru, manya su maƙala bajo a ƙirji su sanar da gudummawa. Akwai ƙungiyar Nigerian Legion tun shekarun 1960, akwai cibiyar koyar da sana'a ta masu shirin ritaya a Oshodi, akwai hukumar fanshon soja. Duk da haka a ƙarshen 2024 da farkon 2025 an ga tsofaffin sojoji sun shimfiɗa tabarmi a ƙofar Ma'aikatar Kuɗi a Abuja suna neman haƙƙoƙinsu. Namu ba su cika kwana ƙarƙashin gada ba, saboda har yanzu akwai zaure da ɗakin ƙane da gidan gado, kuma dangi na rufa asiri. Amma rufin asirin ne ke sa ba a ganin ciwon. Tun 2009 ake yaƙi a arewa maso gabas, ga dazukan Zamfara da Katsina da Neja. Waɗanda suka ga abin da aka gani a Baga da Metele suna dawowa, wasu su ƙare a gadin gidan wani, wasu su zama abin tsoro ga matansu da 'ya'yansu, a ce aljanu ne ko a ce halin soja ne.

Muna ma da namu masu ɓatacciyar takarda. A 2014 kotunan soja sun yanke wa sojoji da dama hukuncin kisa bisa zargin bore, yawancinsu suna cewa an tura su daga ba isassun makamai, kuma a ƙarshen 2015 aka sassauta wa 66 zuwa ɗaurin shekara goma. A 2015 ɗin ne kuma rundunar soja ta mayar da sama da 3,000 da aka kora bakin aiki bayan sake duba lamarinsu. Sake dubawar da ta dawo da mutum dubu uku ta isa ta nuna yadda ake korar soja cikin gaggawa, kuma wanda aka kora ba fansho ba garatuti.

Ba mu da biliyoyin dalolin da Amurka ke zubawa, kuma ba na ba da shawarar mu kwafo takardun biyan haya. Amma masu hali da ke son taimakon tsofaffin sojoji a nan kusan duk hanya ɗaya suke bi, buhun shinkafa da atamfa ga matan mamata a gaban kyamara. Da mutum ɗaya cikinsu zai ɗauki nauyin lauyoyi uku da likitan ƙwaƙwalwa guda, ya kama musu ofis a Kaduna ko Maiduguri, aikinsu kawai bin fayil ɗin fanshon da ya maƙale, neman a sake duba korar da aka yi ba bisa ƙa'ida ba, da tsaya wa matar da aka ce ta kwashe kayanta daga bariki kafin a biya ta haƙƙin mijinta, da ya kashe ƙasa da kuɗin bikin rabon shinkafa guda biyu.